Maganin Ƙashin Hajiya Meimuna

Hajiya Meimuna ta faɗi ne a bakin famfo, tana alwalar azahar. Santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa da hannun hagu, wuyan hannun ya karye. Ba wata faɗuwa ba ce ta a zo a gani. Jikokinta suna yin wadda ta fi ta, su tashi su karkaɗe wando su ci gaba da gudu. Amma ƙashin tsohuwa ba na jika ba ne.

Kafin la'asar 'ya'yanta biyu sun kai ta asibiti: Alhaji Sagiru, ɗanta na fari, mai shagunan kayan babur a kasuwar Agoè-Assiyéyé, da autarta Zahida, wadda ke aikin ofis a kusa da tashar jirgin ruwa. Aka ɗauki hoton hannun, aka ɗora shi, aka naɗe da filasta. Sannan likitar, wata mace mai farin gilashi, ta zaunar da su ta yi bayani da Faransanci, Zahida tana mayarwa da Hausa. Alhaji yana jin Faransanci, amma nasa na ciniki ne. Daga farashi bai wuce ba.

Likitar ta ce ƙashin Hajiya ya yi sako-sako daga ciki saboda shekaru. Akwai wani sinadari da ake kira kalsiyom, shi ne tubalin ƙashi. Jiki ba ya ƙera shi, sai an ci. In bai samu a abinci ba, sai ya riƙa ɓanɓarowa daga ƙashi, kamar mai rushe ɗakin kwanansa don ya gyara zaure.

Abu biyu ta ce a yi. Na farko, kuma shi ne babba, abinci: ƙananan busassun kifin nan da ake kira doevi, waɗanda ake cinyewa har ƙaya, da wagashi, cukun Fulani, da nono, da zogale, da riɗi, sannan a ɗan taka ƙafa a hantsi. Na biyu, ƙwaya ɗaya a rana tare da abinci, don ta cike abin da abincin bai kai ba.

Alhaji ya ce, "Ce mata ta maimaita na biyun."

Allah ya yi wa kowane mutum kunne biyu, amma tun da Alhaji ya buɗe shago na uku, ɗayan ya daina karɓar magana mai araha.

A mota ya amayar da abin da ke cinsa.

"Doevi! Ni Sagiru ina raye, a ce mahaifiyata ta koma cin doevi? Abincin 'yan dako? Mutane su ce me?"

"Amma Yaya," in ji Zahida, "da shi fa ta raine mu."

"Shi ya sa. Ta ci rabonta na wahala, ya isa."

Hajiya tana kujerar baya, rungume da hannunta, tana kallon babura ta taga. Ba a tambaye ta ba.

A nan wuyar al'amarin take. Duk wanda ya ce Alhaji ba ya ƙaunar mahaifiyarsa ya yi masa ƙazafi. Yana ƙaunarta har cikin ransa. Sai dai ƙaunarsa irin ta ɗaurin aure ce, ba ta inganta sai da shaidu. Kifin da ake aunawa a murfin kwano a bakin hanya kuwa ba ya tara shaidu.

Saboda haka ya kira wani abokinsa a Faransa. Ba a daɗe ba kwali ya sauka, cike da fararen robobin ƙwayar kalsiyom masu rubutu shuɗi. Ya jera su da kansa a kan kabad ɗin Hajiya, inda mai shigowa zai fara gani. Ya kafa doka: ba a saya, ba a dafa doevi a gidan nan. Kullum daga gidansa na Cacavéli za a riƙa kawo abinci, tsokar kaza, soyayyen nama, farar shinkafa, lemon kwalba. Sannan ya yanke hukunci.

"Ranar da za a cire filasta, in likita ba ta gamsu ba, kin bar unguwar Zongon nan, Hajiya. Kin koma wurina. Ba zan zauna ina jiran a kira ni a ce kin sake faɗuwa ba."

Hajiya ta san Cacavéli. Ta taɓa yin 'yan kwanaki a can. Ɗaki mai na'urar sanyi, katanga mai tsawo da wayar ƙaya a bisa, da maigadi mai tambayar baƙo sunansa da dalilin zuwansa, kamar gaisuwa tana bukatar dalili. Ta wuni ba ta ji sallama ba. Ɗakinta na Zongo kuwa tagarsa a lungu take. Daga kan gadonta tana jin ladan, tana jin wadda ta haihu, tana jin wadda ta yi yaji da wadda ta dawo. Ta taɓa cewa kabari ma ya fi gidan Alhaji samun masu ziyara. Abin da take tsoro kenan a duniya, ba karaya ba.

Don haka da gaske ta yi niyyar shan maganin. Washegari ta buɗe roba ta zaro ɗaya. Ƙwaya ce kamar ƙwallon dabino, fara kamar alli. Ta yi bismilla ta jefa, a kan cikin da ba komai. Ƙwayar ta tsaya a maƙogwaro tana shawara, sai da aka bi ta da moɗa guda ta yarda ta wuce. Bayan nan ciki ya ɗaure mata. Hajiya ta yi nazari, ta gane cewa magani mai ƙarfi haka ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

A ranar masu dubiya suka fara zuwa. Ta farko ita ce Oumou, aminiyarta tun suna amare, mai koko da ƙosai a bakin masallaci. Tana zama idonta ya hau kabad.

"Hajiya, waɗannan fa?"

"Na ƙashi ne. Alhaji ya sa aka kawo daga Faransa." Hajiya ba ta faɗin sunan ɗan fari.

"Ta jirgin sama?"

"To ta ina? A ƙafa?"

"Ashe tsaraba ce," in ji Oumou, ta gyara zama.

Kuma gaskiyarta. A Zongo, duk abin da ya hau jirgi ya sauka a hannun mutum tsaraba ne, dabino ne ko zamzam, turare ne ko man zafi. Tsaraba kuwa ba a cin ta a ɓoye. Wanda ya cinye tasa shi kaɗai, za a tuna masa har a zaman makokinsa. Hajiya ta shekara tana karɓar ta mutane. Yau ga tata jere a kan kabad, gwiwar Oumou kuma tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Me ake so ta yi?

Ta yagi takarda ta ƙulle mata kaɗan.

Kafin mako ya zagayo, labari ya gama lungu. Hajiya ba ta taɓa sanin tana da masoya haka ba. Mata suna shigowa da "Ya jiki?" suna fita da ƙulli a bakin zane. Maganin ma ya samu ƙarin girma a hanya. Da ya bar Faransa na ƙashi ne. Da ya isa ƙarshen lungu yana maganin ciwon baya, jiri, furfura, har wata ta karɓar wa maigidanta don wata lalura da ba ta bayyana ba.

Abincin Cacavéli ma hanyar ya bi. Haƙoran Hajiya sun daɗe da yin sallama da soyayyen nama, don haka sai ta rarraba shi a kwanuka ta aika wa maƙwabta.

To amma yaba kyauta tukwici, kuma a Zongo kwano ba ya komawa gidansu da iska a ciki. Matan nan ba su da tsokar kaza. Abin da suke ci shi suka mayar. Oumou ta riƙa aiko da tuwon masara da miyar ayoyo mai yauƙi wadda ta sha dakakken doevi. Aïssa, Bafulatanar da ke haya a bayan gida, ta kawo soyayyen wagashi da nono. Wata maƙwabciya, Fauziya, ta kawo kwaɗon zogale, wani lokacin da kantun riɗi. Mayar da abincin maƙwabci cin fuska ne. Dokar Alhaji kuma saye da dafawa ta hana, ba ta ce komai a kan haɗiyewa ba. Hajiya ta riƙa cinyewa tas, ta suɗe yatsun hannunta mai lafiya. Da hantsi kuma ta fita lungu tana bin gidaje tana godiya, tana takawa a rana kamar an umarce ta.

Kowace Juma'a bayan masallaci Alhaji yakan zo ya girgiza robobin ya ji nauyinsu.

"Ma sha Allah! Hajiya, haka ake so."

"Ana sha, Alhaji."

Ya fita yana gaya wa dattawan ƙofar gida cewa abin Turawa daban ne, ku dubi yadda ta yi kyau.

Zahida ce ta gano. A wani taron suna ta ga Oumou tana tafiya a sanƙare kamar mai ɗauke da tulu a ciki.

"Inna Oumou, lafiya?"

"Zahida 'yata, ƙwayar nan ta yayanki akwai ƙarfi. Na ga ɗaya ba ta ji da gwiwata, sai na mayar uku-uku. Yanzu cikina kamar buhun siminti da ruwa ya taɓa. Bayan gida sai da addu'a."

Zahida ba ta jira rabon abinci ba. Ta tarar da mahaifiyarta a kan tabarma, gabanta kwanon miya, warin doevi ya cika ɗakin.

"Mama! Ke ce farmasin Zongo yanzu, mai rabon magani?"

"Rufe ƙofa, sannan ki yi mini rashin kunyar."

"Nawa kika sha a ciki?"

"Na ɗanɗana."

"Mama, wannan ba dabino ba ne. In ta yi yawa a jiki tana iya tara tsakuwa a ƙoda. Inna Oumou uku take sha!"

Hannun Hajiya ya tsaya a cikin kwano. Wannan bai zo mata a rai ba. Ta ɗauka alheri, ko ya yi yawa, alheri ne.

"Je ki gaya mata ta bari," ta ce a hankali. "Ki bi su duka. Amma yayanki..." Ta kalli tagar da ke fuskantar lungu. "In ya ji, Cacavéli zai kai ni."

Zahida ta tsaya tsakanin ƙofa da tabarma. In ta faɗa, ta raba tsohuwa da lungunta. In ta yi shiru, ta zama abokiyar yaudarar ɗan'uwanta, wanda duk wautarsa da zuciya ɗaya yake yi. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan biyayya ga iyaye, sun kuma yi a kan gaskiya, amma ba kasafai suke faɗin wadda za a ɗauka ba in biyun suka haɗu a ƙofa ɗaya. Ta sake kallon kwanon, ta ga zogale a gefe, ga ragowar wagashi. Duk abin da likita ta lissafa yana nan, ya shigo ta bayan gida.

"Ba zan kai masa ba," ta ce. "Amma in aka tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

"Haka kuke, 'yan boko. Ba ku kashewa, ba ku ceto."

Zahida ta juye sauran ƙwayoyin ta kulle a akwati, ta bar robobin a kan kabad, ta bi gida-gida tana karɓe ƙulli. Wasu suka bayar, wasu suka ce ai sun shanye, Allah ya saka wa Alhaji.

Ranar cire filasta, Alhaji ya zo da babbar riga kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Aka yanke filastar, aka sake ɗaukar hoto. Likitar ta ɗaga shi a haske ta ce ƙashin ya haɗe lafiya. Sannan ta tambaya ko Maman tana shan ƙwayar.

Wannan kam Alhaji bai bukaci tafinta ba. Ya tattaro Faransancinsa na kasuwa ya ce ba sha kaɗai ba, kwali guda ya kusa ƙarewa.

Likitar ta cire gilashinta.

"Kwali?"

Ta juya ga Zahida tana magana da sauri. Zahida ta fassara: in da gaske Mama ta shanye wannan a ɗan lokacin nan, ba za ta koma gida yau ba. Sai an ɗebi jini, an duba ƙoda.

"Me ya faru?" in ji Alhaji. "Ba an ce yana da kyau ba?"

"Yaya, gishiri ma yana da kyau."

Likitar tana jiran amsa. Zahida ta kalli mahaifiyarta. Hajiya ta kalli gadon asibiti, ta kalli ɗanta, ta ja numfashi.

"Gaya mata ɗaya na sha."

"Ɗaya a rana?" in ji Alhaji.

"Ɗaya."

"Sauran fa?"

"Suna cikin mutanen Zongo."

Zahida ta mayar da zancen da Faransanci, tsaraba da tukwici da komai. Likitar ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu kanta sai ta tambayi abin da Maman take ci. Zahida ta lissafa, doevi a kan gaba, ba ta kalli yayanta ba.

Likitar ta ce madalla, a ci gaba da haka. Amma kada a ruɗi kai: karaya ce ta warke, ƙashin da ya shekara yana zaizayewa ba ya cika a 'yan watanni. A shekarun Maman abinci shi ne gaba, ƙwaya tana biye, ɗaya tak, tare da abinci, kuma akwai ƙarama wadda ake taunawa. Maƙwabta kuwa, wadda take jin ciwo ta zo a duba ta, musamman mai uku-ukun nan.

Sai da motar ta karya kwanar Zongo Alhaji ya ce, "Ki haɗa kayanki, Hajiya. Gobe zan aiko."

Zahida ta buɗe baki, Hajiya ta taɓa ta da sabon hannunta.

"To, Alhaji. Yadda ka ce. Sai dai ka ji likita da kunnenka, ta ce doevi. A Cacavéli wa zai kawo mini? Oumou ce za ta tsaya wa maigadinka tana faɗin sunanta?"

"Za a saya."

"Wa zai saya? Kai za ka tsaya a Assiyéyé, gaban shagonka, kana taya kwandon doevi yaranka suna kallo? Ko Hajara matarka za ta soya shi a kicin ɗin nan nata mai madubi? Ka san warinsa. Ba ya jin tsoron wayar ƙaya. Maƙwabcinka mai aiki a banki zai leƙo ya tambaya ko kasuwa ce ta karye."

Alhaji ya riƙe sitiyari da hannu biyu. A fuskarsa ana ganin yaƙi. Ya tuna famfon da santsinsa, ya kuma tuna maƙwabcinsa. Ya tsayar da mota a ƙofar gida, inda dattawa ke zaune a kan benci suna jiran labari.

"Yaya hannu, Alhaji?"

Ya fito, ya gyara babbar riga.

"Alhamdu lillahi, ya haɗe. Likita da kanta ta yi mamakin maganin." Wannan ba ƙarya ba ne. "Ta ce kuma a bar ta a nan tukuna, iskar Zongo ta karɓe ta."

Haka Hajiya Meimuna ta tsira da ɗakinta. Abin da zai dami mai tunani shi ne, kyautarta, wadda kowa ke yabo, ita ta kusa kai Oumou gadon asibiti. Girman kan ɗanta kuma, wanda kowa ke zagi, shi ya bar mata lungunta, bayan tausayi ya kusa raba ta da shi. A rana irin wannan, wanda ke rubuta lada da zunubi ba ƙaramin aiki ne a gabansa ba.

Alhaji ya turo magini ya farfasa simintin bakin famfo ya yi sabo mai kaushi. Zahida ta riƙa biyowa kullum daga aiki, ta tsaya a kan mahaifiyarta har ta tauna ƙwayarta bayan tuwo. Masu dubiya suka ragu sosai, wanda ya nuna cewa Hajiya ta warke.

Amma Alhaji bai iya zama a ce lafiyar mahaifiyarsa tana zuwa daga kwanon mai ƙosai babu hannunsa a ciki ba. Juma'ar da ta biyo ya shigo da leda, ya rufe ƙofa, ya fito da fararen robobin nan masu rubutu shuɗi. Ya aiki wani, wanin ya aiki wani, an sayo doevi daga Adakpamé inda ba a san shi ba, an niƙa, an ɗura.

"Cokali ɗaya a miya," ya ce, yana jera su a kan kabad. "In an tambaya, maganin Faransan ne, na niƙaƙƙen gari."

Bai daɗe da fita ba Oumou ta yi sallama, tafiyarta ta dawo daidai. Idonta ya hau kabad.

"An sake kawowa?"

"Wannan ba tsaraba ba ce," in ji Hajiya da sauri. "Zahida ta hana."

"Ni ma na tuba. Bari dai in gani."

Ta buɗe murfin, ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa. Sannan ta rufe, ta mayar da robar wurinta da ladabi.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe Turawan ma talauci ya kai musu."